Dutsen da Ke Girma a Gonar Baba

Babana ya rayu, ya koma ga Mahaliccinsa, a kan cewa dutse yana girma. Ba kowane dutse ba, wannan na bayan garinmu wanda gonarsa take a gindinsa. Da Allah ya tashi jarraba shi kuma, sai ya ba shi ɗiya malamar labarin ƙasa. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina gaya wa 'yan mata yadda duwatsu suke samuwa, suna rubutawa babu musu. Mutum ɗaya ne ya gagare ni, shi ne wanda ya kama hannuna ya kai ni makarantar.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Ƙanƙara da Faskari, sai an bar kwalta an ɗan taɓa tafiya. Dutsen ake fara hangowa kafin a ga rufin kwano ko ɗaya. Ba shi da wani suna, Dutse kawai muke ce masa, tunda ba mu da wani balle a rikita su. Shi kaɗai ya tashi a tsakiyar gonaki, sumul, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, babu itace a jikinsa sai wani baure da ya sami kafa ya maƙale. Ta gabas a miƙe yake, akuya ma sai ta yi shawara. Ta yamma kuwa ya kwanta a hankali, ya baje ya zama falale kafin ya nutse cikin ƙasa. Can ƙololuwa akwai wasu manyan duwatsu mulmulallu, ɗaya ya hau kan biyu ya zauna, ka ce wani ne ya ajiye ya ce yana zuwa. Duk inda ruwa yake bi da damina ya bar baƙin zane tun daga sama har ƙasa.

Gonar kakanmu daga wannan falalen ta fara, ta gangara har bakin rafi. Da ya rasu aka raba ta biyu tsakanin Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Aka ce babba ya fara zaɓa. Baba bai ko tsaya tunani ba ya ɗauki ta sama. A lokacin kowa ya san ita ce gona. Ƙasarta baƙa ce mai taushi, duk ruwan da ya sauka a kan dutse ita yake fara shayarwa, ya zo mata da kashin awaki da na rema kyauta. Ta ƙasan kuwa tsakuwa ce da burji, in ka sa fartanya har wuta take tashi. Baba Ƙarami ya karɓa ya yi godiya. Ya kuma sami nasiha a kai, don Baba ya dafa kafaɗarsa a gaban dattawa ya ce ya yi haƙuri, duk ranar da ya rasa abinci ƙofar rumbunsa a buɗe take. Wannan maganar ta rumbu ita ta zame wa Baba ƙaya daga baya.

Ina 'yar ƙarama ya fara lura cewa kunyar gonarsa ta farko, wadda take manne da falale, ba ta nan. Inda ya saba shuka dawa dutse ne fari tas. Shekara ta zagayo, ta biyun ma ta bi ta. Baba mutum ne mai son hujja, ba ya magana a iska. Sai ya aro guduma da guntun ƙarfe wurin maƙeri, ya sami wani ƙugu na dutsen da ya ɗan miƙe, ya yi masa tsaga kamar wanzami, daidai inda ƙasa ta taɓa shi. Kowace shekara kafin ruwan shuka sai ya koma ya yi sabuwa, kuma ta bana kullum tana ƙarƙashin ta bara. Kafin in gama sakandare tsagar farko ta kai masa gwiwa.

Duk baƙon da ya kwana gidanmu sai an kai shi ya gani.

"Wagga da hannuna na yi ta," in ji Baba. "Bakin ƙasa take, sai da na kwanta rub da ciki sannan na same ta. Yau ga ta ga gwiwata. To wa ya ɗaga ta? Ni na ɗaga ta?"

Baƙo ya ci tuwonmu ya sha furarmu, me zai ce? Sai ya kaɗa kai ya ce ikon Allah.

Inna ce kaɗai ta ci ribar lamarin. Falalen nan shi ne wurin shanyar matan garinmu, barkono da kuɓewa da tumatir da ganyen kuka duk can ake baza su. Kowace mace ta san wurinta ba tare da an ja layi ba, kuma wadda ta ƙetare na wata za ta ji abin da ba ta zo ji ba. Wurin Inna shi ne na bakin gonarmu. Saboda haka duk kunyar da Baba ya rasa, ita ta samu. In ya dawo daga yin tsaga yana huci, sai ta bari ya zauna ya sha ruwa, sannan ta ce a hankali:

"Malam, bana mi ya ƙaro mani?"

"Ke da shi bakinku ɗaya," in ji shi.

Daga nan ya ɗaura yaƙi. Ya taɓa ganin masu fasa dutse suna hura wuta a kansa ya yi zafi ya tsage, sai ya ce ashe shi ma yana da abin da yake tsoro. Bayan girbi ya tattara karan gonar kaf, ya haɗa da kututture, ya jibga a kan falale ya cinna. Da wuta ta ci ta lafa ya sa aka kwara ruwa. Dutse ya yi wata ƙara, ya ɓare falle-falle kamar albasa. Ranar Baba ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, Inna kuwa ta yi mako tana mitar toka a cikin ganyen kukar da ta shanya. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon dai dutse ne, sabo ma, ya fi na da kyau. Bai hana shi komawa ba. Kowace kaka sai ya ƙona, ya kwashe ɓawon ya tara a gefen gona, har tarin ya zama unguwar ƙadangaru. Karan da zai ruɓe ya riƙe masa ƙasa, shi yake ba wuta.

Da na tafi kwalejin horon malamai na dawo hutu, ilimi yana cina kamar ƙaiƙayi. Na ɗauko ɓawo ɗaya na fasa, na zauna gabansa a zaure. Na nuna masa ƙwayoyin da ke ciki: ga mai kama da gilashi, ga mai ɗan ja-ja, ga baƙa mai ƙyalli wadda ake ɓantara da farce. Na ce masa wannan dutsen narkakke ne a da, can cikin ƙasa da nisa, ya huce a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsa suka yi manya har ido yake rarrabe su. Na ce ƙasar da ta lulluɓe shi ruwa ne ya yi ta kwasa tun zamanin da babu mai ƙirgawa. Abin da muke gani kansa ne kawai, jikinsa yana shimfiɗe ƙarƙashin garinmu, wa ya sani ko har garin Sabuwa. Na ce mai ja-jan nan ita take ruɓewa ta zama yumɓu, irinta ce take zama farar ƙasar da ake haƙa wajen Ƙanƙara ana lodawa a mota. Na rufe da cewa dutse raguwa ma yake yi, ba girma ba, ƙasa ce take tafiya ta bar shi tsirara.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka shi da ƙanensa Uwata suke ce mini, kuma ba ya katse ni.

"Uwata, wato jikinshi na ƙarƙashin ƙasa?"

"E, Baba."

"Kanshi ne kaɗai ya hito?"

"Shi ne."

"Da can bai hito ba, yanzu kau ya hito?"

"E, amma ai..."

"To ni mi na ce? Haƙorin yaro ma haka shike yi." Ya ɗaga murya ya kira Inna. "Kin ji, har cikin littahi an rubuta."

Na cika na yi fam. Na sake farowa daga farko, sai ya ɗaga hannu.

"In ƙasa ce ke tahiya, ina ta tahi? Ƙahwa gare ta?"

Na san inda ta tafi. Kunyoyin Baba a miƙe suke daga dutse zuwa rafi, yadda ya tarar kakanmu yana yi don kada ruwa ya kwanta, kuma duk abin da ya bi kwarin kunya gonar ƙanensa zai sauka. Amma na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun je gaban alƙali a kan itacen ɗorawa guda, sun mutu ba sa gaisawa. Ban so in zama ni na nuna masa da yatsa ba. Gara ya yi ta faɗa da dutse, shi dai ba ya ramawa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Gonar Baba Ƙarami ta yi baƙi ta yi laushi, har masara ya fara sakawa a inda da ƙyar gero yake tsayawa. Ya sayi shanun huɗa, ya sayi amalanke. Namu rumbun kuwa tun kafin ruwa ya sauka ake jin ƙasansa. Baba Ƙarami mutum ne mai sanyi, gemunsa ya yi furfura amma har lokacin sai ya durƙusa yake gaida yayansa. Ya yi duk dabarar da ya sani. Ya aiko da damin dawa, Baba ya sa aka mayar. Ya ce zakka ce, Baba ya ce ya nemi mabuƙata. Ya biyo ta hannun matarsa a ba Inna a ɓoye, Baba ya kai loma ɗaya ya ajiye ya ce wannan tuwon ba dawarsa ba ce. Har yau ban san ko harshensa ne ya gaya masa ko fuskar Inna ba.

"Ni na ce mashi ƙohwar rumbuna a buɗe take," in ji shi. "Ban ce shi buɗe mani tashi ba."

Abin yana ba mu dariya a baki, amma ba abin dariya ba ne. Na ga Baba Ƙarami ya fito daga zaurenmu yana goge ido da bakin rigarsa.

Shekarar da abin ya kai maƙura na riga na yi aure na fara koyarwa. Na zo gida farkon damina, aka yi wani ruwa mai ƙarfi da la'asar, ya tafi da shukar da ta fara tsira. Washegari Baba ya je ya gani ya dawo, bai yi huci ba, bai ambaci dutse ba. Ya zauna ya ce ya gama. Masu fasa dutse sun daɗe suna neman wurin, zai ba su. Wani ya yi masa alkawarin gadin shago a Ƙanƙara. Mutumin da bai taɓa yin mako a wajen garinsu ba, wanda in ya je kasuwar 'Yankara ya dawo sai ya fara zagaya gona kafin ya shigo gida, shi ne zai je ya zauna ƙofar shagon wani da sanda. Inna ta zagaya bayan rumbu tana kuka. Ni kuwa tausayi da haushi suka haɗu suka rufe ni.

Ban san lokacin da na ce masa ba: "Baba, yaushe rabonka da hawa dutsen nan?"

"Tun ina kiwo. Mi za ni yi can, ajiya na yi?"

"Ai in da gaske ya girma, yanzu za ka hango abin da ba ka hango da ƙuruciya ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga idonsa ya ɗan kawo haske. Na dai faɗa muku mutum ne mai son hujja.

Muka bi ta gefen yamma da hantsi. Ya tuɓe takalmansa ya rataya a wuya, ya ce ni ma in tuɓe, tafin ƙafa ya fi roba sanin dutse. Jikin dutsen bai gama bushewa ba, muka riƙa kauce wa baƙin zanen nan don nan ne santsi yake. Wani wurin in ka taka sai ka ji yana amsawa kamar ganga, ɓawo ne ya rabu da uwarsa bai kai ga zamewa ba. Na ce masa ya ga, rana da sanyi suna yin aikin da yake yi da wuta, ba su ƙona karan kowa ba. Ya ce ai maciji ma saɓa yake yi in zai ƙara girma. Muka wuce ramukan niƙa na mutanen da, sun yi sumul sun cika da ruwa. Wani rema ya leƙo ya koma. Tun ba mu kai rabi ba ya zauna yana haki.

"Ga hujja ta hwarko," in ji shi. "Da kahin a ce mi, na kai sama."

"Gwiwa ce, Baba."

"Gwiwar ai ita ce ta da, ban sake wata ba."

A ƙololuwa iska ce mai sanyi, ga wani kwarmi cike da ruwa garai-garai, kwaɗi har sun riga mu. Dutsen nan da ya hau kan biyu, wanda daga gida yake kamar tulu, ashe ya fi ɗakin Inna girma. Na ɗebo tsakuwar da ta zubo a ƙarƙashinsa in nuna masa yadda yake marmashewa, bai ko duba ba. Ya riga ya sa hannu a goshi yana leƙen duniya. Ƙasar a shimfiɗe take ta ko'ina, sai can da can wani dutsen irin namu ya ɗago kai shi kaɗai. Ga kwalta can kamar zare, manyan motoci suna rarrafe a kai.

"Yauwa!" Ya nuna wajen Faskari. "Wancan dogon ƙarhen mai jan kai. Wallahi da ba a ganin shi."

"Na waya ne, Baba. Da ba a kafa shi ba."

"Ke dai ba a ganin shi. Ga wani can ma."

Ya ƙirga mini su yana murna kamar shi ya shuka su. Sannan ya juyo yamma don ya nuna mini gidanmu, idonsa ya faɗa kan gona.

Daga ƙasa ba a ganin abin, sai daga nan. Gonarmu ta yi fari, dutse ya ɓullo mata nan da can kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani. Kowane kwarin kunya ya zama ɗan layi baƙi, layukan suka gangara suka haɗu suka zama ɗaya, ya ratsa gambar da aka shuka a kan iyaka, ya shiga gonar Baba Ƙarami ya baje kamar faifai. Baƙar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, sabuwa, ta jiya. A gefenta ana ganin ta bara da ta bara waccan, kowace da launinta.

Baba ya tsura wa gonar ido. Na ga ya ɗaga yatsa yana bin layin a iska, daga gindin dutse har inda ya baje. Ya sake bi. Na ce a raina yau na raba zumunci da bakina.

"Uwata, mu sauka."

Mutumin da ya huta sau da yawa a hawa bai tsaya ko sau ɗaya ba a sauka. Bai nufi gida ba. Ya ratsa gonarsa ya bi kwarin nan, ina biye da takalma a hannu, har muka ƙetare gamba. Baba Ƙarami yana can da shanunsa. Da ya hango yayansa ya saki garma ya durƙusa. Baba bai amsa gaisuwar ba. Ya sunkuya ya damƙo ƙasa, ya murza, ya sansana.

"Wagga ƙasar wa ce?"

"Ta Allah ce, Yaya."

"Na sani. Wa ya ba aro?"

Baba Ƙarami ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Na san ta," in ji Baba. "Ni na zuba mata taki, jaki bayan jaki. Shekara da shekaru kana cin gonata, kana kallona ina hwaɗa da dutse kamar mahaukaci."

Na ga leɓen Baba Ƙarami yana rawa. Na ɗauka fushi ne, na ce shi ke nan. Ashe dariya ce da kuka suke kokawa a fuskarsa.

"Wallahi Yaya na ci. Ban da ta cewa. Duk abin da ka yanke shi ne."

"Ka maido mani abina."

"To. Har da abin da ta haihwa?"

"Da wa za ka bar ma?"

A cikin makon nan amalanke ya tsaya ƙofar gidanmu da dammunan dawa. Baba ya fito ya tsaya a kai fuska a murtuke, yana zaro zangarniya yana dubawa, har ya ce wani damin bai cika ba. Baba Ƙarami ya ba da haƙuri ya ce zai ciko. Ban taɓa ganin wanda aka kama da laifi yana walwala irin tasa ba. Shekaru yana neman ƙofar da zai shigar da hatsi gidan yayansa, ranar aka buɗe masa ita da faɗa. Ko Baba ya san abin da yake yi? Na sha juya wannan a raina. Wani lokacin in ce fushin gaske ne, wani lokacin in tuna cewa a hanyarmu ta komawa gida na ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Maganar Ƙanƙara dai ba a sake tayar da ita ba. Da masu fasa dutse suka dawo, ya ce musu yana da shari'a a kan wurin.

Da rani ya shigo aka fara abin da garinmu bai taɓa gani ba. Kowa ya san taki ake kai wa gona, amma ba a taɓa ganin an kai wa gona gona ba. Amalanke da jakuna da mangala suka yi ta hawa da baƙar ƙasa, suna saukowa wayam. Mutane suka riƙa tsayawa a hanya suna yi wa Baba barka, wai gonarsa ta dawo daga yawon duniya. Shi kuwa yana amsawa da gaske.

Na san ruwan farko zai sake tafiya da ita in ba a tare ba, na kuma san in daga bakina maganar ta fito ba za ta shiga ba. Sai na kai wa Baba Ƙarami. Ya sami Baba a gona ya ce, "Yaya, ka ɗaure abinka. In ta sake biyo ni, ban maidowa." Aka rasa da me za a ɗaure, sai ga tarin ɓawon nan na shekarun yaƙi. Aka kori ƙadangaru, aka jera shi layi-layi a gicciye, aka juya kunyoyi su ma suka gicciya. Aka bar kara ya kwanta a inda ya faɗi. Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon jerin.

"Kun gani? Da kuna ce mani ɓarnar kara nike."

Inna ce ta yi asara a wannan karon, ƙasa ta hau mata wurin shanya. Ta ce an yi shari'a an yanke ba a ko kira ta ba, alhali ita ce maƙwabciyar dutse.

Ba zan ce gonar ta koma yadda take a zamanin kakanmu ba. Ba ta koma ba. Amma dawa ta tsaya, rumbu ya riƙa kai mu kaka, kuma a shekarun nan da gonakin nesa suka gagari mutane zuwa saboda 'yan bindiga, hawa dutsen ma ya zama abin tsoro, wannan ta bayan gari ita ta riƙe gidan. Baba bai daina zuwa da gudumarsa ba. Sai dai wata shekara ya je ya tarar babu inda zai yi tsaga, ƙasa ta rufe ta bara, ta rufe wadda ke samanta. Da na zo hutu ya kai ni da kansa ya nuna mini. Na ga dama ta samu.

"To Baba, yanzu fa?"

"Ya tsuhwa," in ji shi. "Kowa ya tsuhwa sai shi koma ƙasa. Ba ki gan ni ba?"

Na dube shi. Gaskiya ne, da sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa, ranar kuwa kafaɗarmu ɗaya. Ban ƙara yi masa musu ba, shi ma bai taɓa janyewa ba. Ya rasu bayan wani girbi, hatsinsa a rumbu. Ƙanena ne yake noma gonar yanzu.

Ranin da ya wuce na je ganin Inna. Da safe ina shan koko na ji kukan ƙafar amalanke ta bayan gida. Na sa mayafi na bi. Baba Ƙarami ne, shi kaɗai, ya ranƙwafa, sanye da wata tsohuwar rigar Baba da aka ba shi. Ya tsayar da shanu a bakin jerin duwatsun nan yana sauke ƙasa da shebur, in ya zuba kaɗan sai ya tsaya ya huta. Inna ta riga ta gaya mini bai taɓa fashin shekara ba. A tasa gonar har rami ya yi inda yake ɗiba, ruwa yana kwanciya a ciki da damina, 'ya'yansa sun yi magana sun gaji.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, ai ta isa haka. Ka maido har da ƙari."

Ya dogara da shebur ya dubi gonar, ya dubi dutsen. Tsagar farko kaɗai ta rage a waje.

"Uwata, ni ma na ga kamar ta isa." Ya share fuska da hannun riga. "To amma shi ya ce in maido. Shi ke cewa ta isa."

Ya miƙo mini igiyar shanun ya ce in riƙe masa, na hagun nan ba ya tsayawa wuri ɗaya.